Zauren Tambaya da Amsa: Ina Ikon Talaka Yake Bayan An Kaɗa Ƙuri'a?

Assalamu alaikum masu karatu. Mafi yawan saƙonnin da suka shigo wannan karon a kan mulki da zaɓe suke, daga sassan Bauchi da Gombe. Na ɗauki biyar daga ciki. Kamar yadda muka saba, na taƙaita masu tsawo, na kuma sakaya sunaye.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce 'yar aji uku a ƙaramar sakandare a Kumo. A darasin ilimin zamantakewa malaminmu ya rubuta mana a allo cewa a dimokuraɗiyya mulki na jama'a ne. Da na faɗa wa babana sai ya ce wannan zancen littafi ne kawai, talaka ba shi da iko ko na sisin kwabo, masu kuɗi ne ke naɗa wanda suka ga dama. Malam, maganar wa zan kama?

Amsa: 'Yata, Allah ya yi miki albarka, ya ƙara basira. Malaminku gaskiya ya faɗa. Babanki kuma abin da idonsa ya gani yake faɗa, don haka kada ki raina maganarsa.

Abin da malaminku ya rubuta a allo yana cikin kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, sashe na 14. Sashen ya ce iko na al'ummar Najeriya ne, kuma daga wurinsu gwamnati ke samun duk wani ƙarfi da take da shi. Ya ƙara da cewa tsaron jama'a da jin daɗinsu su ne babban dalilin kafa gwamnati, kuma dole a tabbatar jama'a na da hannu a yadda ake mulkarsu. Ki haddace wannan sashe, zai yi miki amfani a jarrabawa da bayanta. Ikon nan kuma ba a danƙa shi a hannun mutum ɗaya ba: majalisa na yin doka, shugaban ƙasa ko gwamna na aiwatarwa, kotu na yanke hukunci idan an saɓa. An raba shi uku ne don kowane ya riƙa taka wa ɗan'uwansa burki.

To amma babanki zai ce, a takarda ke nan, a ƙasa fa? Ki je ki tambaye shi cikin ladabi ko yana tuna zaɓen 2003. A shekarar nan Abubakar Habu Hashidu yana kan kujerar gwamnan Gombe, yana neman zarcewa, jama'a suka kayar da shi suka zaɓi Danjuma Goje, ɗan ƙaramar hukumarku ta Akko. Mu nan Bauchi mun ga irinsa har sau biyu. A 2007 gwamna Adamu Mu'azu ya gama shekara takwas, ya nemi kujerar sanatan Bauchi ta Kudu bai samu ba, ɗan takarar da jam'iyyarsa ta tsayar a gwamna ma ya sha kaye a hannun Isa Yuguda na jam'iyyar ANPP. Ina cikin garin nan a lokacin. Abin da ke bakin kowa shi ne a kasa, a tsare, a raka. Mutane ba sa jefa ƙuri'a su wuce gida. Suna tsayawa a rumfa cikin rana har a ƙirga a gabansu, sannan su bi akwati a ƙafa da kan babur har wurin tattara sakamako. Na ga dattijo da carbinsa zaune a kan dakali tun hantsi, ya yi azahar da la'asar a wurin, ya ce ba zai tashi ba sai ya ji adadin da kunnensa. A 2019 kuma Mohammed Abdullahi Abubakar yana gwamna, jam'iyyarsa ce ke mulkin tarayya, amma Bala Mohammed ya kayar da shi bayan zaɓen cike giɓi, da tazarar da ba ta kai ƙuri'a 15,000 ba. A matakin ƙasa ma, a 2015 shugaba mai ci, Goodluck Jonathan, ya faɗi zaɓe ya miƙa mulki. Duk waɗannan da aka kayar suna da kuɗi, suna da jami'an tsaro, suna da gwamnati a hannu.

Inda maganar babanki ke da ƙarfi shi ne, maguɗi gaskiya ne, sayen ƙuri'a gaskiya ne, kuma sau da yawa tun a zaɓen fid da gwani ake gama cinikin. Sai dai akwai wani abin da ba mu son faɗa wa kanmu. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, amma waɗanda suka fito ba su kai miliyan 25 ba. Wanda ya ci zaɓen da ƙuri'a miliyan 8.79 ya ci. Kusan kashi uku cikin huɗu na masu rajista ba su kaɗa ƙuri'a ba. Rumfar da babu kowa a cikinta ita ce mai sauƙin murɗewa. Ke dai ki riƙe karatunki, idan kin cika shekara 18 ki yanki katinki.

Tambaya: Malam, mu manoma ne a wani ƙauye a yankin Katagum. Iska ta yaye rufin azuzuwa biyu na firamaren garinmu, damina biyu ke nan yara na karatu a gindin bishiya. Ɗan majalisar jiha da muka zaɓa tun ranar da ya zo godiya ba mu sake ganin ƙeyarsa ba, ko waya ba ya ɗauka. Mun ji ana cewa akwai kiranye. Yaya ake yi, kuma za mu iya?

Amsa: Ɗan'uwa, na ji zafin wasiƙar nan, domin na koyar a irin wannan makaranta, na san abin da ake nufi da hadari ya taso a tashi yara tun ƙarfe goma na safe.

Kiranye, wato masu zaɓe su dawo da wakilinsu gida tun wa'adinsa bai cika ba, yana cikin tsarin mulki: sashe na 69 ga sanatoci da 'yan majalisar wakilai, sashe na 110 ga 'yan majalisar jiha. Ga yadda yake. Za a rubuta takardar koke cewa kun yanke ƙauna daga wakilinku, a sa hannun fiye da rabin dukkan masu rajistar zaɓe a mazaɓar. Ka lura, rabin masu rajista aka ce, ba rabin waɗanda suka fito zaɓe ba. Sai a kai wa hukumar zaɓe ta INEC, ta tantance sa hannun, mutane su fito rumfunansu su tabbatar su ne suka sa. Idan an tsallake wannan, sai a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90 daga ranar da hukumar ta karɓi koken.

A ce mazaɓarku na da mutum 100,000 masu rajista, ranar zaɓe 30,000 suka fito, shi kuma ya ci da 16,000. Kafin ku taɓa kujerarsa sai kun tara sa hannun mutum 50,001, wato fiye da ninki uku na waɗanda suka zaɓe shi. Shi ya sa tun 1999 ba a taɓa yin nasarar dawo da sanata ko ɗan majalisar wakilai gida ta wannan hanya ba. An gwada a kan Sanata Dino Melaye na Kogi ta Yamma, da aka zo tantancewa a 2018 sa hannun da aka tabbatar bai wuce kusan kashi 5 cikin 100 na masu rajista ba, maganar ta mutu nan take. Gwamna da shugaban ƙasa kuwa ba a yi musu kiranye sam, majalisa ce kaɗai ke iya tsige su, kamar yadda majalisar Kaduna ta tsige Balarabe Musa a 1981. A ganina an tsaurara sharaɗin nan fiye da kima, kuma waɗanda ke da ikon sassauta shi su ne waɗanda zai ci.

Don haka shawarata, kada ku zuba ƙarfinku a kiranye. Rufin aji kuke so, kuma akwai hanyar da ta fi kusa.

Da farko ku san ƙofar da za ku ƙwanƙwasa. Aikin ɗan majalisa shi ne yin doka, amincewa da kasafin kuɗi, da sa ido a kan yadda ake kashe shi. Gyaran firamare yana hannun sashen ilimi na ƙaramar hukuma da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wadda ake kira SUBEB. Haƙƙinku a kan ɗan majalisa shi ne ya tashi a zauren majalisa ya faɗi sunan makarantarku, ya bi sawu har ta shiga kasafi. Mu talakawa mun saba auna wakili da kuɗin suna da na asibiti da ya ba mu a ƙofar gidansa, shi ma ya gane haka, sai ya tara canji a aljihu ya bar ainihin aikin.

Bari in ba ka labarin wani ƙauye da na zauna kusa da shi. Rijiyar burtsatsensu ta lalace, mata da yara na tafiya mai nisa ɗibar ruwa a rafi. Sun daɗe suna aika mutum ɗaya-ɗaya wurin kansila, kowa ya je a ba shi kuɗin mota ya dawo. Sai wani tsohon ma'aikacin gona da ya yi ritaya ya ce a canza salo. Suka zauna a ƙofar gidan mai unguwa bayan sallar Juma'a, aka rubuta takarda shafi ɗaya: ga sunan gari, ga lokacin da famfo ya tsaya, ga adadin gidajen da ke sha. Liman ya sa hannu, shugabar mata ta dangwala yatsa, shugaban matasa ya sa. Aka yi kwafi. Da suka kai sakatariya ba su yarda sun miƙa sun juyo ba, sai da akawu ya buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinsu. Dattijon nan ya sa takardar a cikin leda ya adana a aljihun babbar rigarsa. Duk ranar kasuwa mutum uku ke zuwa, ba waɗanda suka je wancan makon ba, su nuna hatimin su tambaya ina aka kwana. Ba zagi, ba ɗaga murya. Da abin ya ja, suka aika kwafin gidan rediyo aka karanta a shirin koke-koken jama'a. Kafin kaka an zo an canza bututu da kan famfo. Abin da ya ba su nasara shi ne sun zama mutanen da ba a iya sallama da kuɗin mota, domin ba a san wanda za a ba ya yi shiru ba.

Ku ma ku yi haka. Makarantarku na da kwamitin iyaye da masu unguwa da ke kula da ita, ku farfaɗo da shi idan ya kwanta. Ku ɗauki hoton azuzuwan da na yaran a gindin bishiya. Takarda ɗaya ta tafi wurin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, kwafi ga shugaban ƙaramar hukuma, kwafi ga SUBEB a Bauchi, kwafi ga ofishin ɗan majalisar, kowanne a buga muku hatimi.

Akwai kuma doka a bayanku. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi bayani, ba sai ya faɗi dalili ba, kuma a ƙa'ida cikin kwana 7 za a amsa. Jihohi sun daɗe suna cewa dokar ta tarayya ce ba ta shafe su ba, har Kotun Ƙoli ta yanke a 2025 cewa ta shafe su. Kuna iya tambaya: shin makarantar nan ta taɓa shiga kasafi? An ba da kwangilar gyaranta? Wa aka ba, nawa aka biya? Sau da yawa a nan ake gano cewa a takarda an daɗe da gyara ajin da iska ke kaɗawa a ciki.

Sannan ku sa ido a kan kuɗin ƙaramar hukuma. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da hurumin rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, kuma zaɓen ƙananan hukumomi da hukumomin zaɓe na jihohi ke shiryawa kusan kullum jam'iyyar gwamna ce ke lashewa kaf. Wannan abin takaici ne. Duk da haka ana wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu daga asusun tarayya wata-wata, ɗan garinku mai waya da intanet zai iya nemo muku. Ranar da kuka zauna gaban ciyaman kuna riƙe da adadin, maganar "babu kuɗi" za ta yi masa nauyi a baki.

Wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago noma ba ya nuna masa gona da safe ya koma gida sai kaka. Yana leƙawa ya ga inda aka nome da inda aka tsallake. Shekara huɗun da ke tsakanin zaɓe da zaɓe lokacin leƙa gonar ne, kuma a nan ne mafi yawanmu muke sakaci. Shi kuma ɗan majalisarku, ku adana kwafin da ofishinsa ya buga wa hatimi. Zai dawo neman ƙuri'a, ku karanta masa a bainar jama'a.

Tambaya: Malam, ni bazawara ce a cikin garin Bauchi, mijina ya rasu ya bar ni da yara biyar, ƙosai nake soyawa. Lokacin zaɓe akan kawo mana taliya da sabulu da atamfa, ranar zaɓe kuma a ba mu naira 5,000 a layi. Ɗana babba ya ce na sayar da 'yancinsu. Malam, in ban karɓa ba wata ce za ta karɓa, kuma su ɗin in sun hau ba ma sake ganinsu. Laifi na yi?

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya raya abin da ya bari, ya sa albarka a kaskon ƙosan nan. Ba zan zauna a inuwa in yi wa mai ciyar da marayu biyar faɗa ba. Babban laifin yana wuyan wanda ya bar mutane cikin yunwa shekara huɗu, sannan ya zo da taliya ranar da yake buƙatarsu.

Amma tunda kin tambaya, zan faɗa miki gaskiya. A doka mai bayarwa da mai karɓa duka sun yi laifi, hukuncin da dokar zaɓe ta 2022 ta tanada a lokacin kuma shi ne tarar da ta kai naira 500,000 ko ɗaurin wata 12, ko duka biyun. Wannan ke nan ta fuskar doka. Ta fuskar lissafi kuma, ke 'yar kasuwa ce, kin fi ni sanin riba da faɗuwa. Naira 5,000 idan aka raba ta a kan kwanakin shekara huɗu, ba ta kai naira huɗu a rana ba. Ko ƙosai ɗaya ba za ta saya ba. A kan wannan kuɗin ne aka karɓi bakinki a kan maganin asibiti, da kujerar da yaronki zai zauna a aji, da ruwan famfo. Kin ce in sun hau ba ku sake ganinsu. Dalilin ke nan: a wurinsa ciniki ya ƙare, ya biya, ba ki bin sa bashi. Kuɗin da ya raba kuma ba daga gadon ubansa ya ɗebo ba, zai mayar da abinsa har da riba daga kuɗin aikin unguwarku.

Wasu na cewa a karɓa a zaɓi wanda ake so. Na san dalilinsu, domin ƙuri'a sirri ce, an hana shiga wurin dangwalawa da waya, kuma babu wanda ke da ikon tilasta miki ki nuna masa takardarki. Idan wani ya ce sai kin ɗaga ya gani, shi ne mai laifi, ki faɗa wa jami'in rumfa. Ni dai ban ba da shawarar karɓa ba, musamman inda ake haɗawa da rantsuwa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma mutumin kirki ba ya jin daɗin cin abin mutum ya juya masa baya.

Ki tuna kuma cewa ƙuri'ar da ke hannunki ba ta daɗe a hannun matan Arewa ba. An yi zaɓen 1959 da na 1964 matan Kudu na zaɓe, na Arewa ba su da dama. Sai a 1976 aka ba su, suka fara zaɓen shugaban ƙasa a 1979. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kan wannan fafutuka tun zamanin jam'iyyar NEPU. Yau kuwa duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfa a Bauchi ya san layin mata kan fi na maza tsawo da haƙuri, shi ya sa 'yan siyasa ke fara aika atamfa gare ku.

Ga abin da nake ganin zai fi miki. Ku matan unguwa kuna da adashi, kuna da Islamiyya, kun san juna. Idan mata hamsin suka haɗa baki suka ce wa ɗan takara ba ma son sabulu, muna son ungozoma ta riƙa kwana a asibitin unguwa, ka faɗa a gaban mai unguwa a ɗauka a waya, to kun tashi daga masu karɓar sadaka kun koma masu sharaɗi. Ɗanki kuma ki ce masa ya sassauta harshe ga mahaifiyarsa, ya zo ya taya ki tara matan.

Tambaya: Malam, ni ɗan acaɓa ne a Gombe. Shin zanga-zanga halas ce a doka, ko sai an nemi izinin 'yan sanda?

Amsa: Ɗana, sashe na 39 ya ba ka 'yancin faɗin albarkacin bakinka, sashe na 40 ya ba ka 'yancin taruwa da wasu cikin lumana. A 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke, a shari'ar da ANPP da wasu jam'iyyu suka yi da Sufeto Janar na 'yan sanda, cewa ba a buƙatar izinin 'yan sanda kafin a yi taro ko jerin gwano. Sanar da su don su ba da kariya dabara ce mai kyau. Kuma zanga-zangar lumana tana aiki: a Janairun 2012 gwamnati ta cire tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, jama'a da ƙungiyoyin ƙwadago suka fito, aka dawo da ita 97.

Sai dai 'yancin ya tsaya inda dukiya da ran wani suka fara. Kai ɗan Gombe ne, ka san 'yan dabar Kalare, mu ma nan Bauchi mun san 'yan Sara-suka. Da zarar irinsu sun shiga taro, an fasa shago ɗaya, an ba hukuma hujjar sa dokar hana fita, buƙatar da aka fito dominta ta bi ruwa. Mun ga haka a wasu jihohin Arewa a Agustan 2024, aka yi asarar rayuka, ƙananan yara suka daɗe a tsare. Kafin ka fita ka san su wa suka kira, me ake nema takamaimai, wa za a miƙa wa takarda, ƙarfe nawa za a watse. In babu amsar waɗannan, ka riƙe babur ɗinka. Ƙungiyarku ta 'yan acaɓa ma ƙarfi ce, in shugabanninta ba su zama 'yan amshin shatan wani ɗan siyasa ba.

Tambaya: Malam, shekarata 27, malamin firamare ne ni a yankin Dass. Matasan garinmu na matsa mini in fito takarar majalisar jiha. Dattawa kuma na cewa ban isa ba, siyasa ta masu furfura da kuɗi ce. Doka ta yarda?

Amsa: Malam, doka ta yarda. Ranar 31 ga Mayun 2018 aka sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya rage shekarun takara: majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25, shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. Gwamna da sanata suna nan a 35. Sauran sharuɗɗan su ne ka kasance ɗan Najeriya, kana da ilimi aƙalla matakin kammala sakandare, kuma jam'iyya ta tsayar da kai, domin har yanzu tsarinmu bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba.

Dattawan da ke cewa ba ka isa ba, ka tuna musu da tarihin jiharsu. A farkon shekarun 1940 Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, wanda ke koyarwa a Midil ta Bauchi, da Abubakar Tafawa Ɓalewa suna cikin wani zauren muhawara a garin Bauchi, inda ake zama da jami'an hukumar gargajiya ta En'e da Turawan mulki ana yi musu tambayoyi ido da ido a kan yadda ake tafiyar da jama'a. Aminu Kano a lokacin bai kai shekarunka ba, kuma malamin makaranta ne kamarka. Babu ƙuri'a a hannun talaka a wancan zamani, tambaya kawai suke da ita, kuma sai da ta dami masu mulki har aka rufe zauren.

Maganar kuɗi kuwa dattawan ba su yi ƙarya ba. Kuɗin fom a manyan jam'iyyu na da yawa, kuma inda aka yi zaɓen fid da gwani ta hanyar daliget, wato wakilan jam'iyya, 'yan mutane kaɗan ne suka riƙa yanke wanda dubban jama'a za su gani a takardar ƙuri'a. Shi ya sa nake ganin wanda ke son canji da gaske ya fara tun daga gunduma. Ka yanki katin jam'iyyar da ka gamsu da ita, kai da matasan da ke matsa maka, ku riƙa halartar taro, ku tsaya a zaɓen shugabannin gunduma. Majalisar jihar Bauchi kujera 31 ce, ana kokawa a kan kowace. Kada ka raina kujerar kansila: ita ce ta fi kusa da rijiya da makaranta da asibitin da mutanenka ke kuka a kai, kuma a nan za a ga aikinka kafin ka nemi ta gaba.

Ka gwada masu matsa maka tun yanzu. Ka ce kowa ya nuna katin zaɓensa, ka ga nawa ne ke da shi a hannu. Ka tambaya su wa za su tsaya maka wakilai a rumfuna, su karɓi kwafin takardar sakamako bayan an ƙirga, su ga an ɗauki hotonta da na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS. Ƙarshe, tunda ma'aikacin gwamnati ne kai, tsarin mulki ya ce sai ka ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin ranar zaɓe, kuma jam'iyyarka na iya neman ka ajiye tun kafin fid da gwani. Ka zauna da iyalinka ku yi lissafin abin da za ku ci idan albashi ya tsaya, kafin ka ba matasan amsa.